Tarakta a Ƙofar Gidan Kawu

Kwana uku tarakta ta yi a ƙofar gidanmu ta ƙi tashi, kuma aurena yana ɗaure a jikinta. In abin ya ba ku dariya, ku yi ku gama. Mutanen unguwarmu ma sun yi tasu har sun gaji.

Sunana Aisa. A Bukuru aka haife ni, inda Baba yake makaniki a garejin masu haƙar kuza. Shekara shida na yi a makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato. Duk hutu in na dawo, ni ce mai riƙe masa sifana, ni ce kuma mai karanta masa littafin inji, don shi ba ya jin Turanci, hannunsa da kunnensa ne suka iya aikin. Da ya rasu, Inna ta kwaso ni da akwatin kayan aikinsa, muka sauka daga jirgi a Malam Madori, muka taho Haɗeja gidan yayanta, Kawu Inuwa. Wannan a shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar ne, ina da shekara goma sha tara. A unguwa Malama ake ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Shu'ibu shi ne direban taraktar ofishin gona. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya zaɓa mini. Ba zan ce muku na daina cin abinci saboda shi ba, ina cin tuwona sarai. Amma duk garin nan shi kaɗai ya taɓa tambayata me aka koya mana a makaranta, ya kuma tsaya ya ji amsa.

Kawu bai so ba.

"Mutum ba gona, ba saniya, sai warin fetur," in ji shi. "Kakansa da garke ya shigo ƙasar nan. Shi kuma ya ƙare a kan kujerar ƙarfen Bature."

Amma ya karɓi goron, ya kafa sharaɗin da ake kafa wa kowane mai neman aure a nan: gayya. Saurayi ya tara abokansa da fartanya da garma, su je su kafce gonar wanda ke riƙe da yarinyar. Gonar shinkafar Kawu tana can cikin fadama, kuma kafin a kai gare ta sai an tsallake wani mashigi. Da rani busasshe ne, jaki ma ba ya jiƙa kofato. Amma da zarar ruwan kogi ya gangaro daga yamma, mashigin ne farkon cika, daga nan sai kwalekwale. Wanda bai kafce ya watsa iri kafin ranar ba, ya yi asarar shekara.

Auta, sarkin samarin unguwa, ya zo da kansa ya ce wa Shu'ibu akwai mutum arba'in a shirye, har da makaɗi.

Ku ji amsar da wanda na zaɓa ya ba shi, a gaban mutane: "Ku huta. Abin da mutum arba'in za su yi a kwana biyu, ni zan gama shi kafin azahar."

Ya nemi izinin Baturen gona a ba shi taraktar ta yini ɗaya. Bature ya yarda, ya tafi rangadi wajen Kafin Hausa, ya tafi da makanikin ofis. Aka sa gayya ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe Shu'ibu ya kawo ta ƙofar gidanmu ya ajiye a gindin tsamiya, don duk mai wucewa ya gani. Ya wanke ta da ruwan rijiya tun daga hanci har garmar da ke bayanta, ya goge ta da tsumma har tana ƙyalli. Kafin ya watsa ruwa sai ya zare distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta, don kada ya jiƙe. Ya ja layi da ƙusa don ya tuna yadda yake zaune, ya naɗe shi a hankici ya tafi da shi gida. Duk wannan daidai ne. Baba ma haka yake yi.

Ni ina ciki an ɗaure mini hannu da lalle. Inna ta fito da zanen saƙinta na aure ta ce in ɗaura gobe, da fatala mai ruwan goro, da murjani ɗauri biyu. An jiƙa gero, an daka kuka, an sayo bandar kifi. Wai gayyar mutum ɗaya, amma Inna ta ce tukunya ba ta san haka ba, sai an yi girkin arba'in.

Asabar da hantsi ya mayar da distiributa a kan layinsa. Taraktar ba ta tashi da makulli kaɗai, sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gabanta an juya. Ya juya. Ya sake juyawa. Ina tsakar gida ina ji ta bayan katanga: fus, fus, fus, sai shiru. Can sai ta yi wani tari guda, kamar tsoho ya ƙware da kunu.

Tun daga tarin nan na san ciwon. Ba fetur ba ne, ba fulogi ba ne. Wutar tana zuwa, amma ba a kan lokacinta ba.

Bari in gaya muku yadda Baba ya gaya mini. Ya ce aikin inji lugude ne. Mata huɗu a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Fistan yana tasowa ya matse iska da fetur, a daidai ƙarshen matsar nan wuta za ta sauka. In ta riga, sai su yi karo, inji ya mayar da bugu baya. In ta makara, an yi dakan banza. Makanikai suna kiran wannan taimin.

To ya zan gaya masa? Yana ƙofar gidan surukai, Kawu yana zaune a tabarma da abokansa, ni kuma budurwar da ake nema. Ko sunansa ban isa in kira ba.

Sai 'Yar'azumi. 'Yar Kawu ce, bazawara, furar sayarwa take yi, kuma tunda taubashiyata ce ba ta taɓa yi mini magana ba zolaya a ciki. Na rubuta takarda na soke a ƙarƙashin faifan da ke rufe ƙwaryar fura.

"Wasiƙar ƙauna da rana tsaka?" ta ce. "Karanta mini in ji irin ta 'yan boko."

Na karanta mata: "Ka daina wahalar da hannunka. Taimin ne ya goce. Ka cire fulogin farko, na kusa da lagireta, ka toshe ramin da babban yatsa, a juya inji a hankali har iska ta ture yatsan. Sannan ka duba alama."

Ta dube ni. "Shi ke nan? Ko hasken idona babu? Wallahi da ni ce namijin, da na fasa."

"Kai masa kawai."

Ta dawo da ƙwarya wayam, da amsa a bayan takardata, da rubutunsa na ajin yaƙi da jahilci: "Malama na gode da fura. Ki yi adu'a kawai. Karamin abu ne."

Ƙaramin abu. Tuwon mutum arba'in ya tafi gidajen maƙwabta.

Lahadi Auta ya zo da samarinsa. Ba su zo da fartanya ba, da tabarmi suka zo. Suka shimfiɗa a ɗaya gefen tsamiyar, makaɗin gayya ya rataya gangarsa. Duk sanda Shu'ibu ya kama ƙarfen nan, sai makaɗi ya saki kiɗan noma, samari su ɗauka: "Ja ta, direba! Saura kaɗan azahar!"

Na sake aika takarda. Na ce masa alamar da ke jikin faifan ƙarfen gaban inji sau biyu take zuwa kan tsinken da ke nuna ta, ɗaya na gaskiya ɗaya na banza, kuma yatsa kaɗai ke bambance su. 'Yar'azumi ta ce ya karanta layin farko, ya ce ai ya san da alamar, ya goge hannu da sauran. Ya daidaita alama a kan tsinke, ya zare distiributa ya mayar, ya juya. Wuta ta fito ta kafireta, ta lashe masa gira ɗaya da rabin gashin baki.

"Angonki ya yi aski kyauta," in ji 'Yar'azumi. "Gefe ɗaya dai."

Ban yi dariya ba. Ina tsugune a bakin randa ina ware kayan wanki, hannuna ya kai kan farar rigar Kawu ta Juma'a. A bakin hannun dama, da kuma ƙirji, ga baƙin giris a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Na shinshina. Sai na tuna. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune hannuna a zungurun lalle, na ji dariyar dattawa a waje, na ji muryar Kawu yana cewa, "Ku matsa ku ga yadda ake tada ta," na kuma ji fus, fus, fus.

Ya juya injin alhali distiributa yana gidan Shu'ibu a naɗe cikin hankici. Layin ƙusan nan ya tashi daga aiki tun daga lokacin. Abokansa huɗu sun gan shi, amma ko shi ko su ba wanda ya san abin da juyin ya haifar. Ni kaɗai.

Na linke rigar ban sa mata ruwa ba, na tura ƙarƙashin akwatin Baba.

Litinin na rubuta ta uku. Takardar littafi ta ƙare, sai na yi amfani da shara-sharar takardar wasiƙar jirgin sama da na taho da ita daga makaranta. Na jera masa komai daki-daki, ɗaya zuwa bakwai. A ƙasa na ƙara layi guda: "Don Allah ka karanta har ƙarshe." Ban taɓa roƙon namiji ba sai ranar.

Ta dawo a linke yadda na aika ta, da shatin yatsansa na baƙin mai a kai. Ranar ya shiga sauya wayoyin fulogai, wannan nan, wancan can, ko Allah zai sa. Da la'asar injin ya mayar da bugu, ƙarfen ya dawo ya doke shi a wuyan hannu. Na ji ƙarar ta bayan katanga, na ji kiɗa ya tsaya, sannan na ji Auta yana cewa a kira mai ɗori.

Kun san me ya fi ba ni haushi? Ba rashin sani ba ne. Wata shida kawai aka koya masa tuƙi, ba wanda ya taɓa buɗe masa inji. Abin haushin shi ne ya gwammace girarsa da hannunsa su tafi a kan ya karanta layi bakwai daga hannun mace.

Talata da sassafe wani masunci ya tsaya a zaure ya shaida wa Kawu ruwa ya wuce Miga tun jiya. Yau da daddare, in ya yi jinkiri gobe da asuba, mashigi zai cika.

Kawu ya shigo tsakar gida, ya tsaya a tsakiya, bai zauna ba.

"Mairam," ya kira Inna, "fito mini da goron yaron nan. In rana ta faɗi gonata ba a kafce ba, a mayar masa da kayansa. Ya kori mutum arba'in, ya kawo mini mataccen ƙarfe ya toshe mini ƙofa. Da me zan ciyar da gidan nan baɗi? Da fetur?"

"Yaya, a ƙara haƙuri," in ji Inna.

"Ki gaya wa kogi."

Ya fita. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, shi ya sa abin ya fi ciwo. Shinkafar nan ita muke ci, har da ni.

Na shiga ɗaki na jawo akwatin Baba. Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me za ki yi?"

"Zan kai wa 'yan gayya kunu."

"Da sifana ake kai kunu? Aisa, ki rufa mini asiri. Mu baƙi ne a gidan nan. In kika fita gaban maza kika sunkuya a kan ƙarfen nan, ba shi kaɗai ba, duk garin nan ba mai sake aiko da goro."

"Inna, in na zauna ma shi ɗin zai tafi, shinkafar ma ta tafi."

"Ubanki ne ya ɓata ki."

"Shi ne."

Na ɗaura zanen saƙin da aka tanadar mini tun Asabar, na tamke shi sosai. Na ajiye murjani. Na yafa mayafi na soke bakinsa a ƙugu don kada ya shiga fanka. Sifana biyu, sukuddireba, ma'aunin kwantak da takardata ta uku na zuba a ƙaramar tasa na rufe da faifai. 'Yar'azumi ta ɗauki ƙwaryar kunu.

"In Baba ya kore ki, ni ban san ki ba," ta ce, tana gyara gammo. "Wuce gaba."

Muna fitowa daga zaure hira ta mutu. Dattawa a dama, samari a hagu, tarakta a tsakiya, Shu'ibu a tsugune a gabanta da hannun dama a ɗaure da karare. Gira ɗaya. Khakinsa ya yi baƙi ƙirin.

"Aisa!" Kawu ya daka tsawa. "Koma ciki."

Na durƙusa. "Kawu, al'ada ce yarinya ta kai wa 'yan gayyarta abin sha da hannunta. Kwana uku ba wanda ya ce in kai. Na ga kamar an manta ne."

Wani dattijo ya ce, "Haka ne kuwa, Inuwa. Al'ada ce." Ina jin so yake kawai ya ga ƙarshen wasan.

Na wuce wurin taraktar na ajiye tasa na buɗe. Shu'ibu ya ga abin da ke ciki, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya ɗago ba.

"Malama, don girman Allah ki koma. Kawunki yana kallo."

"Shi ya sa na fito. Kashe makulli."

"Za su yi mini waƙa."

"Sun riga sun yi. Ka ba ni babban yatsanka na hagu, shi kaɗai nake buƙata."

Na kwance fulogai huɗun don inji ya yi sauƙin juyawa, na jera su a kan faifai. Na nuna masa ramin farko. Ya toshe. Na ce wa 'Yar'azumi ta kama ƙarfen ta juya a hankali, kamar mai tuƙa kunun jinya.

"Kai, jama'a!" in ji Auta. "Yau gayyar mata ce. Direba, ko mu ɗauko maka zane?"

"Ɗauko naka dai," in ji 'Yar'azumi ba ta ko waiga ba. "Kwana biyu kana zaune a tabarma kamar mai jego."

Samari suka kwashe da dariya, wannan karon a kansa.

Na goge faifan ƙarfen da bakin mayafina har 'yar tsagar ta fito. Ta taho, ta taho, ta zo daidai tsinke.

"Tsaya. Ka ji iska ta ture ka?"

"A'a."

"To nan ka saita ranar Lahadi. A nan fistan hayaƙi yake fitarwa, ba matsa yake ba. Ci gaba, 'Yar'azumi."

Ta ƙara zagaye ɗaya. Kafin tsagar ta dawo sai na ji fuf, yatsansa ya yi tsalle daga ramin. Ya dubi yatsan, ya dube ni. Karo na farko ke nan da ya ɗago ido.

"Wannan ce," na ce. "Layi na biyu ne a takardar Lahadi."

Na sa ta matsa da ƙarfen kaɗan-kaɗan har tsaga ta zauna a kan tsinke. Na buɗe murfin distiributa. Ɗan hancin da ke juyawa a ciki yana kallon wayar fulogi na huɗu, bayansa ya ba na farko. Na kwance, na zaro shi, na juya hancin, na mayar har ya zauna yana kallon inda wayar farko take. Lallen hannuna ya ɓace a cikin baƙin mai. Na duba kwantak, 'yan ƙarafa biyun nan da ke buɗewa su rufe, waɗanda buɗewarsu ce ke sakin wuta. Na kankare su, na auna tsakaninsu da ma'aunin Baba.

Saura aikin da ya fi laushi. Baba da takardar naɗa taba yake yinsa. Ni na ɗauko wasiƙata ta uku, na yage siririn baki, daidai inda na rubuta ka karanta har ƙarshe. Na murɗa jikin distiributa har kwantak ya rufe ya cije takardar.

"Riƙe nan. Ja a hankali, kada ka yaga. Da ka ji ta saki, ka faɗa."

Na shiga murɗa jikin zuwa ɗaya ɓangaren, kamar faɗin gashi, kamar faɗin gashi. Wurin ya yi tsit har ina jin kurciya a kan tsamiya.

"Ta saki."

Na ɗaure ƙusar nan take kafin hannuna ya motsa. Na mayar da murfi, na mayar da fulogai, na bi wayoyi yadda hancin yake zagayawa: ɗaya, uku, huɗu, biyu.

"Kunna makulli. Da hagu za ka ja, daga ƙasa zuwa sama. Babban yatsa ya bi 'yan'uwansa, kada ka zagaye ƙarfen da shi."

Ya ce bismillahi, ya ja. Ta yi tari. Auta ya buɗe baki zai yi magana. Ya sake ja.

Ta kama. Ba tari, ba harbi, bugu huɗu a jere kowanne a kan lokacinsa. Kaji suka watse, wani dattijo ya bar takalminsa. Makaɗi ya tsaya da gula a sama, ya saurara, sai kawai ya bi bugun injin da ganga.

Na kwashe kayana na rufe tasa, na ce wa Shu'ibu, "Ga kunu can." Na shige gida.

Sauran labarin a bakin 'Yar'azumi na ji, don ta bi su. Da hannu ɗaya ya tuƙa. Samarin Auta suka bi bayansa wai kallo, da suka ga ƙasa tana kifewa sai suka karɓi ƙoren iri suka shiga watsawa. Kafin la'asar an gama. Da suka dawo, ruwa ya fara kwanciya a mashigi, ya kai idon sawu. Tayoyin a jiƙe suka iso gindin tsamiya.

Kuna tsammanin shi ke nan? Ba ku san Kawu ba.

Bayan sallar la'asar ya zauna a bakin turakarsa, ya sa aka kira Inna, ya ce, "An kafce gona, alhamdu lillahi. Amma sharaɗina gayyar saurayi ce. Wannan kuwa kowa ya gani, 'yata ce ta yi wa kanta gayya. Yaron da sai mace ta tada masa abin hawansa, me zai riƙe? A mayar da goro."

Inna ta fara share ido da bakin zane. Ni na shiga ɗaki na ɗauko farar rigar. Na jira ta koma madafa, na je na durƙusa, na ajiye rigar a gabansa, tabon yana sama.

"Kawu, rigarka ta Juma'a. Ban wanke ba, na ce sai na tambaya."

Ya dubi tabon.

"Irin wannan man a jikin ƙarfen tada inji yake," na ce. "Direban ya yi aikinsa daidai ranar Juma'a. Sai dai in an zare abin nan, ba a juya inji. In aka juya, ko Baturen ne ya mayar da shi a kan layi, ba za ta tashi ba."

Ya ja carbi, ƙwaya uku ko huɗu.

"Wa ya san wannan?"

"Waɗanda suka ga an juya su huɗu ne. Wadda ta san ma'anarsa ni kaɗai ce. Gobe ranar wanki ce a bakin rijiya, kuma matan nan komai suka gani sai sun tambaya."

"Ke dai Sakkwato ba ta koya miki kunya ba."

"Ta koya mini wanki, Kawu."

Ya ture rigar da yatsa zuwa gabana. "Kananzir yana fitar da shi?"

"Yana fitarwa."

"To a cikin gida za ki wanke. Ki ce wa uwarki ta bar goron a inda yake. Su turo manyansu ranar Juma'a."

Kafin magariba aka ce ana sallama da ni. Na wanke hannu da toka sau uku, man bai fita daga ƙarƙashin farce ba. Na sa murjanin, na fita zaure. Yana tsaye, ya yi wanka ya sa farar taguwa, girar dai ba yadda za a yi da ita.

"Kawu ya ce ku turo ranar Juma'a," na ce.

"Alhamdu lillahi." Ya shiga murza hularsa da hannun hagu. Na jira godiya, ko ban haƙuri. Ko ɗaya bai zo ba.

"Bature ya dawo ɗazu," ya ce. "Ya ji ƙarar injin tun daga bakin ofis. Ya ce tun da aka kawo ta bai taɓa jin ta haka ba. Ya tambayi wanda ya saita."

"Ka ce masa wa?"

Ya dubi bangon zaure.

"Ka ce masa wa?"

"Na ce ni ne."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Ya ci gaba da magana.

"Ya ce in haka ne zai tura ni Samaru koyon gyaran inji. Amma ranar Asabar zai zare distiributa da hannunsa, ya juya injin, in mayar a gabansa." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wasiƙata ta uku, wadda na yage wa baki na bari a gindin tsamiya. Ya warware ta, ya shafe ta a gwiwa. "Na karanta har na huɗu. A na biyar na tsaya. Mene ne kwantak?"

Kun ji wanda zan aura. Manyansa za su zo Juma'a, jarrabawarsa Asabar, hannunsa ɗaya, girarsa ɗaya.

Na karɓi takardar, na zauna a bakin dakali, na nuna masa ƙasa.

"Zauna," na ce. "Daga na ɗaya za mu fara. Ka karanta da ƙarfi, ina ji."